Rumbun Malam Jibril

Birnin Zariya,
Afrilu, 1955.

Zuwa ga taubashina Malam Ɗahiru, mai kwas ɗin malanta a Bauchi.

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan zafin can bai kai namu ba. Mu nan sai godiya. Iya mahaifiyarka tana nan garau, ƙafar ce dai take taɓa ta in ta daɗe a zaune. Maiɗakinka Kulu ta ce in gaishe ka, amma kada in ce ita ta ce. Kasuwar hatsi ta yi sanyi, mu dillalai muna zaune muna korar ƙuda muna auna masu wucewa.

Bayan haka, na ɗauki alƙalami ne in taya ka murna. Kai, ka yi dacen ubangida! Ban san darajar hedimastanku Malam Jibril ba sai a bazarar nan. Ni da na yi elementare na fito da ƙyar, na san yadda aji yake: wannan na sosa kai, wancan na jan majina, wani in an ce biyu da biyu sai ya dubi rufin ɗaki kamar a can aka rubuta amsar. Amma makarantar Malam Jibril, ranar da Baturen makaranta ya zo dubawa, ba mai makero, ba mai ƙazuwa, ba mai in'ina, daƙiƙi kuwa babu ko na magani. Shekara da shekaru ina cewa addu'a ce. Ashe rumbu ne.

Mu a sana'armu an san a kan zuba tsabar dawa a bakin buhu, a bar wadda ƙwari suka ci a ƙasa. Ban taɓa jin an yi haka da 'ya'yan mutane ba sai a wajen mutumin naka.

Ka san babban rumbun nan na gidansa, wanda ke jingine da katangar makaranta, wanda ba shi da ƙofa sai baki ta sama. Ka fi ni saninsa. Ranar da Bature zai zo, tun da sassafe aka jera yara aka cire musu huluna, Malam Jibril na bi yana duban kai da tsakanin yatsu kamar mai sayen rago. Wanda bai yi masa ba ya koma gefe. Aka zagaya da su, aka kafa tsani, aka zura su ciki, su wajen goma, aka janye tsani aka mayar da jinka. Wannan daga baya na ji shi, daga bakin ɗaya daga cikinsu. Na tambaya me ya hana a tura su gida, aka ce yaro ba ya tafiya gida ranar da mota za ta zo, sai dai ka gan shi a jikin danga yana leƙe da makeronsa. Kuma wai da ma Bature ba ya daɗewa, ya leƙa aji, ya ji karatu, ya hau mota.

Sai Allah Ya yi ikonSa, motar ta lalace a hanya, bai iso ba sai da rana ta take tsaka. Ga shi kuma sabo, irin masu son ganin komai, har lambun makaranta sai da ya ce a kai shi. Ina tsaye a bakin danga cikin 'yan kallo sai muka fara jin wani abu daga bayan katanga, dum, dum, kamar ana daka a nesa. Malam Jibril ma ya ji. Ka san abin da ya yi? Ya ɗaga sanda ya ce yara su rera wa baƙo waƙa. Suka rera. Ya ce su ƙara murya. Wallahi Ɗahiru, tsikar jikina har yanzu tashi take, don duk inda suka tsaya jan numfashi sai ka ji kukan a ƙarƙashin waƙar.

Akwai wani ƙaramin malami da aka kawo bayan tafiyarka, Malam Sani, ɗan ƙauye ne. A shagon ƙofar gidana yake kwana, tuwon gidana yake ci. Shi an gaya masa da safe an sallami yaran nan gida. Ina kallonsa ya karkata kunne, fuskarsa ta sauya. Kawai sai ya yar da allin hannunsa, ya ratsa ta gaban Bature ko gafara babu, ya haura katanga. Muka zagaya da gudu. Bature ma ya biyo, hedimasta na bayansa yana tuntuɓe da babbar riga.

Sani ya kafa tsani, ya ture jinka, ya shiga yana miƙo su muna karɓa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Zafin da ya fito daga bakin rumbun nan kamar an buɗe tukunya. Sun yi fari fat da ƙura da ƙaiƙayi, gumi ya tsaga hanya a fuskokinsu, wasu sun jiƙa wando. Biyu ba su san inda suke ba sai da aka kwara musu ruwa.

To, a nan ne na sara wa mutuminka. Ni da na tsufa a kasuwa na zaci na gama ganin masu saurin baki. Kafin Bature ya rufe nasa bakin, Malam Jibril ya dafe ƙirji ya ce, "Subhanallahi! Malam Sani, wane irin horo ne wannan? 'Ya'yan mutane fa!" Ya juya ya zuba wa Bature Turanci. Ɗan abin da na tsinta, wai Sani ne ya kulle su don sun ƙi share fili, ya manta da su, sai yanzu ya tuna. Baturen nan Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba, Sani kuma Turancinsa na littafi ne, in ya firgita guduwa yake. Bature ya ce a tambayi yaran wa ya sa su. Wa zai tambaya? Malam Jibril. Wa zai juya amsar? Malam Jibril. Yaran suka dube shi, suka dubi sandarsa, suka sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan yi magana, aka ce 'yan kallo su fita.

Yanzu an dakatar da Sani. Bayan ƙaramar salla za a zauna a ofishin ilmi a yanke, ko a wanke shi, ko a kore shi da sunan malamin da ya dafa yara a rumbu. Sauran malamai duk sun kurmance. Iyayen yaran kuwa yawanci 'yan ƙwadago ne na Tudun Jukun da manoma, ba su ma san ta ina ake shiga ofis ba. Saura kai. Ka koyar a makarantar nan tun Sani bai san hanyar birni ba, kuma kana nesa da idon hedimasta. Layi kaɗan ake so da hannunka zuwa ofis, ka ce rumbun nan ya riga Sani zuwa. Shi ke nan.

Kada ka bar ni ina zarya gidan waya.

Naka,
Bahago dillali.

*

Bauchi,
farkon azumi.

Zuwa ga Yaya Bahago, dillalin da mudunsa bai taɓa cika ba.

Takardarka ta same ni cikin ƙoshin lafiya, alhamdu lillahi. Barkanku da shan ruwa. Ka gaishe mini da Iya, ka ce ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Ka gai da mutanen gida. Yaron nan na wajen Iya, ina fata yana zuwa makaranta ba fashi.

Na karanta labarinka, kuma ban ji daɗin abin da ya faru ba. Amma na lura ko kai, da duk tsinin bakinka, da yabon Malam Jibril ka fara, har ka ce ka sara masa. To ka ga ke nan a ranka ka san ya ceci makaranta ne a wuri mai wuya.

Yaya, kai a bakin danga ka tsaya, mu ne a ciki. Ka san abin da Bature ke yi in ya ga yaro da makero ko ƙazuwa? Cewa yake a cire shi sai ya warke, kuma irin yaran nan in sun koma gida sun tafi ke nan, uban ya miƙa musu fartanya. In ya rubuta cewa makaranta ba tsabta, ko yara ba sa amsa tambaya, sai a rage mana waɗanda za su wuce makarantar Midil. Wa ya yi hasara? Yaran dai. Ɓoyewar ɗan lokaci ita ke riƙe su a aji. Kuma ba mu kaɗai ba ne, na tambayi abokan kwas, kowa da irin dabarar garinsu. A zamanina ba su taɓa daɗewa a ciki ba, in sun fito a ba su ƙuli-ƙuli, suna dariya. Tsautsayi ne ya biyo ta kan mota.

Malam Sani kuwa, ban san shi ba, na yarda zuciyarsa mai kyau ce, amma ya yi gaggawa. Akwai yadda ake yi. Ya matsa kusa da hedimasta ya raɗa masa, a aiki wani a ɓoye ya ɗaga jinka. Ƙaramin malami ba ya ratsa gaban baƙo ya haura katanga kamar ɓarawon kaji. Kuma Yaya, mu daina ruruta abin. Yaran nan ka san su, a gidajensu ma a rana suke yini a gona. Zafi ba baƙonsu ba ne.

Game da abin da ka nema, ka yi haƙuri. Malam Jibril ne ya kama hannuna ya koya mini riƙon alli, shi ya sa sunana a kwas ɗin nan, wurinsa kuma zan koma. Ba zan rubuta wa ofis a kansa ba. Shawarata, Sani ya je ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Malam mutum ne mai sauƙi in an bi shi ta ƙasa, ya iya sa baki a mayar da shi wata makarantar ƙauye maimakon kora.

Jarrabawarmu ta matso, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Ɗahiru.

*

Birnin Zariya,
tsakiyar azumi.

Malam Ɗahiru,

Barka da shan ruwa. Iya ta gasa ƙafa, ta ce da sauƙi. Kulu lafiya. Sauran bayanin lafiya yana tafe, don a waccan takardar da na lissafa masu lafiya, in ka koma ka duba, akwai wanda ban sa ba.

Na karanta amsarka a rumfa har na kira maƙwabcina na ce zo ka ji yadda ilmi ke gyara magana. Ashe sarawar da na yi wa Malam Jibril ka karɓa ka sa aljihu? Madalla. Gobe in na ce da ɓarawo sannu da aiki sai ka ba shi lada.

Ka ce zafi ba baƙonsu ba ne. To saurara.

Wanda Sani ya miƙo daga ƙarshe, hannuna ya faɗo, laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ƙura ta rufe shi ban gane shi ba, sai da na goge masa fuska da hannun rigata. Idi ne, Ɗahiru. Ɗanka. Na san ɗan fari ne, ba ka kama sunansa, kullum sai dai yaron wajen Iya. To ni na kama maka. Idi.

Makero ya kama shi bayan sanyi, Kulu ta sa aka kai shi disfensare, suka shafe masa kai da maganin nan mai kama da shuni. Malam Jibril ya ɗaga hula ya gani, ya ce koma gefe. Yana ɗaya daga cikin biyun da aka kwara wa ruwa. Ɗayan ɗan wani lebura ne na Tudun Jukun, wanda ya saba yini a rana kamar yadda ka ce. Tare suka sume, ban ga wanda ya riga wani ba.

Shi ne ya ba ni labarin cikin rumbun, a hankali, yana wasa da bakin rigata. Ya ce da farko suna ta dariya. Da numfashi ya fara wuya sai suka riƙa hawa kafaɗar juna su taɓo jinka, ba su kai ba. Suka koma bugun bango da hannu. Ya ce da suka ji an fara waƙa sai wani babba a cikinsu ya ce, "Ku bari, ba wanda zai zo." Ɗahiru, yaron da bai gama fitar da haƙoran manya ba ne ke gaya mini wannan.

Jikinsa ya warware. Amma tun ranar ba ya kwana a ɗaki in an saki asabari, a tsakar gida Kulu ke shimfiɗa masa. Makaranta kuwa ko hanyarta ba ya bi. Rannan 'yan mata na gaɗa a ƙofar gida, ya toshe kunnuwa ya shige bayan Iya.

Za ka ce me ya sa na ɓoye maka. Iya ce ta fara. Ta ce, "Bahago, in ka gaya masa ban yafe ba. Barin karatun zai yi ya taho, a ce wahalar shekara ta tashi a banza." Ga shi na saɓa mata, ni da ita ne. Amma ba zan laɓe bayan tsohuwa ba, ni ma na so haka. Na so in ji abin da malami zai ce kafin uba ya buɗe baki. Na kuwa ji.

Na kai wa Sani shawararka ta durƙuso. Yana zaune a shago yana ɗinke farar rigarsa inda katanga ta yaga ta. Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, in na ba da haƙuri ai na ce ni na sa su ke nan." Na ce to kai me ka yi tunani da ka ruga a gaban Bature? Ya ce shi bai yi tunanin komai ba, ƙafarsa ce ta tafi. Ya ce abin da ke damunsa ma ke nan, da ya tsaya ya yi tunani, watakila da bai je ba. Ya rame, tuwo sai an matsa masa. Tsohuwarsa a ƙauye har yau ba ta sani ba, tana can tana gaya wa mutane ɗanta malami ne a birni.

Wannan shi ne ɓarawon kajin da ya ɗauko maka ɗa. Adireshin ofis ka san shi.

Bahago.

*

Birnin Zariya,
bayan salla.

Malam Ɗahiru,

Barka da salla, ko da yake ban san ko kana raye ba balle in ce ka yi lafiya. Mu dai muna nan. Iya ta daina amsa gaisuwata tun da na gaya mata na fasa maka ƙwai, in na shiga sai ta juya wa bango fuska.

Na je gidan waya har akawun ya fara kirana da suna. Babu komai. Ko takardata ce ta ɓata, ko taka, ko kuwa hannunka ne ya yi makero?

An sa ranar zama, ta matso ƙwarai. Abin da ya fi ɗaure mini kai, shekaranjiya Malam Jibril ya biyo ta kasuwa a kan kekensa, ya sauka musamman, ya gaishe ni hannu biyu, har yana tambayar yaya ciniki. Mutumin da tun ranar rumbu in ya hango ni yake sake hanya. Ni fa in mai saye ya cika fara'a, na san ya riga ya ji farashi a wani wuri.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Bahago.

*

Bauchi,
Yuni.

Yaya Bahago,

Ina lafiya, jiki dai. Ka gai da Iya, ka ce ta yafe maka don Allah, ni ne na ce. Ka gai da Kulu.

Idi. Ka ga na rubuta. Ban taɓa rubuta shi ba sai a rajistar aji.

Takardarka ta zo ana gab da shan ruwa. Na karanta a tsaye, na nemi wuri na zauna a ƙasa. Aka kira salla ban ji ba, abokin ɗakina ya miƙo mini kunu na ajiye shi gefe. Yaya, rumbun nan na wuce ta gindinsa ba adadi, ban taɓa hawa na leƙa cikinsa ba. Yanzu in na rufe ido a ciki nake. Na je wurin shugaban kwas na ce zan tafi gida, ya ce in na taka tashar mota na bar jarrabawa ke nan. Na dawo na zauna.

Kada ka ce ban yi komai ba. A ranar na rubuta wa Malam Jibril, da zafi, irin maganar da ban taɓa tsammanin zan yi masa ba. Na ce duk biyayyar da na yi masa, sakamakona ke nan? Ɗana? Ya amso da gaggawa. Ya rantse yara sun yi yawa, hankalinsa na kan mota, kai kawai yake duba ba fuska ba. Ya ce ya yi kuka da ya gane. Ya yi alkawari Idi ba zai ƙara kusantar wurin ba har ya gama, kuma da kansa zai je ya ba Iya haƙuri. Ka rubuto mini a kan Idi, na kuwa yi abin da uba zai yi, na tsare shi.

Takardar ofis ɗin ma na fara. Na kai rabi. Sai na tuna abin da Malam ya faɗa a ƙarshen tasa takardar, kuma gaskiya ce: in aka ce tsohuwar al'ada ce, za a tambaya su wa ke koyarwa a lokacin, me kuma suka yi. Ba shi kaɗai zai tafi ba. Satifiket ɗin da na bar gida shekara guda dominsa, a bakin ƙofa za a karɓe. Iya fa? Kulu fa? Shi kansa Idin wa zai riƙe shi a makaranta? Kullum sai in ɗauko ta in duba in mayar, shi ya sa ka ji ni shiru, ban san me zan ce maka ba.

Ka gaya wa Malam Sani har in mutu ba zan manta da shi ba. In na dawo na samu wurin tsayawa zan nema masa wani abu. Watakila ma a yi masa sassauci, Malam ya ce ba ya nufinsa da sharri.

Kada ka yi mini irin dariyar nan taka, Yaya. Ba zan iya ɗauka ba yanzu.

Ɗahiru.

*

Birnin Zariya,
farkon damina.

Malam Ɗahiru,

Gaisuwa. Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi. Iya ta yafe mini, har ta aiko da dambu. Makeron Idi ya mutu, gashi na tsirowa. Malam Jibril ya cika alkawari, ya zo zauren Iya da kansa da goro. Ya miƙa hannu zai shafa kan yaron, yaron ya zille ya ruga cikin gida, Malam ya yi dariya ya ce kunya ce. An dai lallashe shi ya koma aji, a bencin gaba aka sa shi. Ka ga taka ta biya.

Dariya kuwa kada ka damu, ba ni da ita.

An yi zama. Na sa rigata ta salla na tafi, aka ce dillali ba malami ba ne, in jira a baranda. Allah Ya sa tagar a buɗe take. Sani ya faɗi gaskiyarsa da Hausa, tiryan-tiryan. Aka tambayi sauran malamai, kowa ya ce shi yana cikin ajinsa, bai ga komai ba. Babban da ke kan tebur, mutumin kirki ne a ganina, ya ce da Sani ko akwai tsohon malamin da zai shaidi cewa an saba yin haka. Sani ya ce akwai, Malam Ɗahiru. Har yau ban san me ya sa ya yarda da kai haka ba, ko da yake na sani, ni ne na yi ta cika masa baki. Aka tambayi akawu ko wani abu ya zo daga Bauchi. Akawu ya duba ya ce babu.

Sai Malam Jibril ya miƙe. Ɗahiru, da ma kana wurin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Malam Ɗahiru ɗana ne, ni na rene shi, ko kwanan nan mun yi takarda da shi. Kuma ɗansa na cikinsa yana cikin yaran da aka kulle. A duba mini, ni zan ɗauki jikana in zura a rumbu? Sai dai baƙon da bai san ɗan wane da ɗan wane ba." Ya sa bakin rawani ya share ido. Hawaye na gaske, na gani da idona.

Na ga babban nan ya gyaɗa kai. Wato Idin da Sani ya ciro daga ƙasan rumbu, da shi aka rufe shari'ar.

An kore shi. Ba sauyin makaranta ba, kora, kuma an ce kada a ƙara ba shi aji a ko'ina. Ya dawo ya naɗe tabarmarsa, ya shiga ya yi wa iyalina godiyar tuwo. Na ba shi saƙonka, cewa ba za ka manta da shi ba har ka mutu. Ya ce ya gode, Allah Ya ba ka sa'ar jarrabawa. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Na raka shi Ƙofar Doka da akwatinsa a ka. Muna ratsa lungu mata na janye 'ya'yansu cikin zaure, wata har tana cewa, "Shi ne, shi ne mai rumbun." Bai waiwaya ba.

Amma kada ka ce ba a koyi darasi ba. Jiya Dogara magini ya tsaya a rumfata sayen gero, duk jikinsa laka. Na ce daga ina? Ya ce daga gidan hedimasta, wani aiki aka ba shi mai ban mamaki, wai ya huda taga a jikin rumbu, can sama, ta ɓangaren da ba a gani daga makaranta. Ya ce shi tun da yake gini bai taɓa jin hatsin da ke bukatar iska ba. An ce Bature zai dawo bayan kaka, lokacin kai ma ka dawo da satifiket, har ana raɗe-raɗin kai ne mataimaki.

Dogara bai gama ba, ya ce Malam bai faɗa masa girmanta ba, shi kuma ba ya so ya ɓata aiki. Na ce ya dakata, ina da ɗan'uwa mai ilmin abin. To Malam Ɗahiru, a littattafan da kuke karantawa a Bauchi, taga mai faɗin yaya aka ce ta ishi yara goma?

Bahago.